Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Ƙwayoyin Gado da Yaɗuwar Sankarar Baki

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin tsarin sauti ya san zanen nan na kan mutum da aka tsaga biyu, wanda malam kan yi a allo domin nuna gaɓoɓin furuci. A nan muka haddace leɓɓa da haƙora da hanƙa da ganɗa da hanɗa da harshe. A nan kuma muka koyi cewa sai tsinin harshe ya taɓa hanƙa ake samun /t/ da /d/, sai kuma doronsa ya taɓa hanɗa ake samun /k/ da /g/. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, akwai cutar da ke kama waɗannan gaɓoɓi, wadda idan ta yi nisa sai likita ya yanke wani sashe na harshe ko na muƙamuƙi kafin ya ceci ran mai ita. Wanda aka yi wa irin wannan aiki yakan koma koyon furta sautukan da ya iya tun yana yaro. Wannan cuta ita ce sankarar baki, wadda wasu ke kira ciwon dajin baki.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da ta cikin baki a duniya, fiye da 188,000 kuma suka mutu. Sau da yawa abin da ke kai ga mutuwa shi ne kutsawar cutar cikin nama da kuma ƙaurarta zuwa wuya da sauran sassan jiki. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda hakan ke faruwa, da ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciki. Za mu ga cewa sankara ba ta zuwa da makami daga waje. Da kayan aikin jiki take yaƙar jiki.

Kalmomin da Za Mu Yi Amfani da Su

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi, domin a rubuce-rubucen Hausa akan kira abubuwa biyu mabambanta da suna ɗaya, wato "ƙwayar halitta". A nan za mu raba su.

Ƙwayar jiki ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare da ake kira DNA, an naɗe shi ƙunshi-ƙunshi har 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane ƙunshi sunansa kuromosom. Zaren nan rubutu ne da aka yi da haruffa huɗu kacal. Ƙwayar gado kuwa ita ce yanki ɗaya na wannan rubutu, mai ɗauke da umurnin yadda za a haɗa wani furotin. Ɗan Adam yana da irin waɗannan kimanin 20,000. Furotin shi ne ma'aikacin da ke aiwatar da umurnin: wani manne ne, wani almakashi, wani ɗan aike.

Ƙwayar gado tana iya samun matsala ta hanyoyi biyu. Ta farko, rubutun kansa ya gurɓace, harafi ya sauya ko layi ya goge ko a maimaita shi sau da yawa. Ta biyu, rubutun yana nan lafiya, amma a karanta shi a lokacin da bai dace ba, ko a rufe shi a lokacin da ake bukatarsa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin zai yi mana amfani a gaba.

Wani abin lura kuma, kalmar "gado" kada ta ruɗe mu. A mafi yawan masu sankarar baki, gurɓacewar tana faruwa ne a cikin ƙwayoyin bakin mutum a tsawon rayuwarsa. Bai gaje ta daga iyaye ba, ba kuma zai gadar wa 'ya'yansa ba.

Yadda Cikin Baki Yake a Lokacin Lafiya

Fatar da ta lulluɓe cikin baki ƙwayoyi ne da aka jera hawa-hawa kamar tubalan katanga. Na ƙasa su ne ke rabuwa suna haifar da sababbi. Sababbin suna hawa sama sannu a hankali, su baje, su tsufa, su zube a cikin miyau, duk a cikin makonni kaɗan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar baki daga waɗannan ƙwayoyi take tasowa, musamman a gefen harshe da ƙarƙashinsa da cikin kunci da dasashi.

A ƙarƙashin wannan jeri akwai wani siririn tantani, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. An saƙa shi da wani furotin mai ƙarfi da ake kira kolajin da wasu 'yan uwansa. Za mu kira shi tantanin iyaka. A samansa babu hanyar jini ko ɗaya. A ƙarƙashinsa ne ake samun hanyoyin jini da jijiyoyin ji da tsoka, da kuma wasu ƙananan magudanai masu kwashe ruwan nama zuwa kaluluwar wuya. Muddin gurɓatattun ƙwayoyi suna saman tantanin iyaka, ba su da hanyar zuwa ko'ina. Ranar da suka huda shi, ranar ce cutar ta zama mai kutsawa. Saboda haka tambayarmu ita ce: yaya ƙwayar da aka halitta domin ta zauna wuri ɗaya, manne da maƙwabtanta, take koyon tafiya?

Mataki na Farko: Faɗuwar Masu Gadi

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manyan abubuwan da ke tsaga wannan bango sanannu ne. Na farko taba, ko ta zuƙa ko garinta da ake cusawa a kunci ko ƙarƙashin leɓe, irin tumbak na ƙasar Sudan. Na biyu barasa, wadda jiki ke mayarwa wani sinadari mai lalata DNA. Idan aka haɗa su biyun, haɗarin yakan ninka. Na uku wani ɗan itace da ake taunawa da ganye da farar ƙasa a Indiya da Pakistan da Bangaladesh da Taiwan, wanda ya sa waɗannan ƙasashe suke cikin na gaba wajen yawan cutar. Wannan ɗan itace daban yake da goronmu. Akwai kuma ƙwayar cutar HPV, sai dai ita ta fi haddasa sankara a can bayan baki, wajen tushen harshe da maƙogwaro.

Sinadaran da ke cikin waɗannan abubuwa suna gurɓata rubutun DNA kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Jiki yana da masu gadi da ke hana ɓarnar yin nisa. Babbansu shi ne ƙwayar gadon TP53 da ke kan kuromosom na 17. An gano furotin ɗinta a shekarar 1979, kuma a 1992 ɗaya daga cikin waɗanda suka gano shi, David Lane, ya yi masa laƙabi da mai gadin rumbun gado. Idan DNA ya lalace, shi ne ke dakatar da ƙwayar daga rabuwa har a gyara. Idan gyara ya faskara, sai ya umurce ta ta kashe kanta. A shekarar 2015 wani babban ayarin masana a Amurka ya wallafa sakamakon karanta ƙwayoyin gadon sankarar kai da wuya daga majiyyata 279. Sun tarar cewa a cikin waɗanda ba HPV ce ta jawo musu cutar ba, kashi 84 cikin 100 suna da gurɓatacciyar TP53.

Mai gadi na biyu shi ne CDKN2A da ke kan kuromosom na 9, wanda furotin ɗinsa yake aiki kamar birki a kan rabuwar ƙwaya. Shi ma yakan goge ko a rufe shi tun da wuri. Sai NOTCH1, wanda ke umurtar ƙwaya ta balaga ta hau sama ta daina haihuwa. Bincike biyu da aka wallafa a 2011 ne suka fara nuna yawan gurɓacewarsa a wannan cuta. A 2013 masana a Indiya suka duba sankarar kunci da dasashi, wadda ta fi yawa a can, suka tarar da yawan gurɓacewar FAT1 da CASP8 da HRAS. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu zuga ƙwaya ta yi ta rabuwa, kamar EGFR da CCND1, waɗanda akan tarar sun yi yawa fiye da kima.

Duk da haka, ƙwayar da ta rasa masu gadi tana iya yin ta hayayyafa a wuri ɗaya ba tare da ta motsa ba. Kafin ta kutsa, sai ta yi abubuwa uku: ta kwance kanta daga maƙwabta, ta huda tantanin iyaka, sannan ta sami hanya.

Mataki na Biyu: Kwance Ɗauri

Abin da ke riƙe ƙwayoyin fatar baki da juna wani furotin ne mai suna E-kadirin, wanda ƙwayar gadon CDH1 da ke kan kuromosom na 16 ke ɗauke da umurninsa. Masanin nan na Japan, Masatoshi Takeichi, shi ne ya gano dangin wannan furotin. Yana leƙowa daga jikin ƙwaya ya saƙale da na maƙwabciyarta, kamar yadda haƙoran zif ke shiga juna. A bakin gaɓar sankara, wato inda take cin nama, akan tarar wannan manne ya ragu ƙwarai.

Abin mamaki shi ne, a sankarar baki ba kasafai rubutun CDH1 ke gurɓacewa ba. Rufe shi ake yi. Masu rufe shi wasu ƙwayoyin gado ne da ake kira SNAIL da SLUG da TWIST da ZEB. Furotin ɗinsu yana zama a farkon rubutun CDH1 ya hana a karanta shi, sannan ya buɗe wasu rubuce-rubucen da ke sa ƙwaya ta sirance, ta yi tsawo, ta fara rarrafe. A shekarar 2000 ne masana a ƙasar Sifen suka nuna cewa SNAIL yana rufe E-kadirin, a 2004 kuma ɗakin binciken Robert Weinberg a Amurka ya nuna hannun TWIST a yaɗuwar sankara.

To, me ya sa jiki yake ajiye da irin waɗannan ƙwayoyin gado masu haɗari? Amsar ita ce, ba don su ba da babu ɗayanmu da zai cika halitta. A makonnin farko na ciki, dole ne wasu ƙwayoyin ɗan tayi su rabu da inda suke su yi tafiya domin su gina ƙashin fuska da tsoka da sauransu. Masaniyar nan ta Jami'ar Harvard, Elizabeth Hay, ita ce ta fara bayyana wannan rikiɗa a jikin ɗan tayin kaza. Su kansu SNAIL da TWIST a jikin tayin ƙudan 'ya'yan itace aka fara gano su. Haka kuma idan mutum ya ciji harshensa, ƙwayoyin bakin raunin sukan sassauta ɗaurinsu su rarrafa su rufe wurin, sannan su koma yadda suke. Ke nan sankara tana buɗe tsohon babi ne na littafin jiki, ta ƙi rufewa. Shi ya sa a 1986 masani Harold Dvorak ya kwatanta sankara da raunin da ba ya warkewa.

Bincike na baya-bayan nan ya ƙara gyara fahimtarmu. A 2017 wasu masana a birnin Boston suka ɗauki ƙwayoyi kimanin 6,000 daga majiyyata 18 masu sankarar baki, suka duba kowace ɗaya ita kaɗai domin su ga rubutun da take karantawa. Sun tarar cewa ƙwayoyin da ke bakin gaɓa rabin rikiɗa suke yi. Suna buɗe SLUG da PDPN da LAMC2 da makamantansu, amma ba su rabu da kamanninsu na asali gaba ɗaya ba. Sun kuma lura cewa inda wannan rabin rikiɗa ta yi ƙarfi, an fi samun cutar ta kai kaluluwa. Wannan ya yi daidai da abin da likitoci ke gani a madubi, domin sau da yawa sankarar baki tana kutsawa ne a ƙungiya, wasu ƙwayoyi a gaba, saura na biye.

Mataki na Uku: Huda Tantanin Iyaka

Ƙwayar da ta kwance ɗauri tana bukatar almakashi. Shi ma yana nan a ajiye a cikin jiki. Labarin gano shi yana da ban sha'awa. A 1962 Jerome Gross da Charles Lapière suka nemi sanin yadda wutsiyar talibambam ke narkewa idan zai zama kwaɗo. Sai suka gano wani furotin da ke yanka kolajin. Daga baya aka gane cewa dangi ne babba, mai 'ya'ya fiye da 20 a jikin ɗan Adam, aka sa musu suna MMP. Aikinsu na halas shi ne rushe tsohon nama domin a gina sabo, kamar lokacin warkewar rauni ko komawar mahaifa bayan haihuwa.

Biyu daga cikinsu, MMP2 da MMP9, sun ƙware wajen yanka irin kolajin da aka saƙa tantanin iyaka da shi. Na uku, MMP14, yana manne a jikin ƙwayar, yana yanka abin da ke gabanta, yana kuma tayar da MMP2 daga barci. A lokacin lafiya akwai wasu furotin da ake kira TIMP masu riƙe hannun waɗannan almakasai. A cikin sankara ma'aunin ya karkace, masu yanka sun rinjayi masu riƙewa.

Ba ko'ina ƙwayar ke watsa almakashin ba. Takan fitar da wasu 'yan ƙananan yatsu daga jikinta, ta tara MMP14 a tsininsu, ta dinga huda kamar yadda gara ke cin azara. Furotin da ke taimakawa wajen gina waɗannan yatsu, umurninsa yana cikin ƙwayar gadon CTTN da ke kan kuromosom na 11, maƙwabciyar CCND1 da muka ambata a baya. A kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan sankara, akan tarar an maimaita wannan yanki na kuromosom na 11 sau da yawa. Ke nan kuskure ɗaya ya ba ƙwayar abubuwa biyu a lokaci guda, saurin rabuwa da kayan huda.

Mataki na Huɗu: 'Yan Gari Masu Nuna Hanya

A nan ne karin maganar da ke kan wannan maƙala ya fi fitowa fili. A ƙarƙashin tantanin iyaka akwai wasu ƙwayoyi lafiyayyu waɗanda aikinsu saƙa kolajin ne. Mu kira su masaƙa. Ƙwayoyin sankara suna aika musu da saƙo ta wani furotin mai suna TGF-beta, irin saƙon da sukan samu idan an ji rauni. Sai masaƙan su ɗauka gyara ake bukata, su tashi haiƙan da aiki. A 2007 ɗakin binciken Erik Sahai a Landan ya nuna cewa masaƙan ne ke shiga gaba suna buɗe turba a cikin nama, ƙwayoyin sankara kuma suna bin sawunsu a jere. Da aka cire masaƙan daga gwajin, sai ƙwayoyin sankarar suka kasa kutsawa. Haka ma wasu daga cikin sojojin garkuwar jiki, waɗanda suka zo domin yaƙi, sankara takan juya su su koma fitar da MMP9 da sauran abubuwan da take bukata.

Bugu da ƙari, kumburin sankara ba ya iya wuce milimita ɗaya ko biyu ba tare da jini ba, kamar yadda likita Judah Folkman ya bayyana a 1971. Idan iska ta yi ƙaranci a tsakiyarsa, sai wani furotin mai suna HIF1 ya taru, ya buɗe ƙwayar gadon VEGFA, wadda ke kiran sababbin hanyoyin jini su tsiro zuwa wurin. Waɗannan hanyoyi ba su da ingancin gini, suna yoyo, saboda haka shigarsu ba ta da wuya. Sankarar baki kuma tana da halin bin jikin jijiyoyin ji, abin da ke jawo zafi mai tsanani, wani lokaci har ya kai kunne.

Mataki na Biyar: Isa ga Kaluluwa

Zangon farko na sankarar baki kusan kullum kaluluwar wuya ce. Huhu da ƙashi da hanta sukan biyo baya. Ƙwayar gadon VEGFC, 'yar uwar wadda muka ambata, tana sa magudanan ruwan nama su yawaita su kuma buɗe a kewayen kumburin. Sojojin garkuwar jiki suna da wani furotin a jikinsu mai suna CCR7, wanda ke shinshino wani sinadari da kaluluwa ke fitarwa, ya jagorance su zuwa can. An tarar cewa wasu ƙwayoyin sankara suna buɗe wannan rubutu su ma, da wani makamancinsa mai suna CXCR4, sai su bi hanyar da aka tanada domin masu tsaro.

Mafi yawan ƙwayoyin da suka yi wannan tafiya mutuwa suke yi a hanya. Kaɗan ne ke tsira su kafa sabon mazauni. Tun a 1889 likitan Ingila Stephen Paget, bayan ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iska tana watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsira. Manomi ba zai yi musun wannan ba.

Akwai wani misalin gona kuma. A 1953 likita Danely Slaughter na birnin Shikago ya duba naman majiyyata 783 masu sankarar baki, ya ga cewa fatar da ke kewaye da kumburin, wadda ido ke gani lafiyayya, ita ma ta fara gurɓacewa. Dalili kuwa, hayaƙin taba bai zaɓi wuri ɗaya ba, duk bakin ya wanke. Wannan ne ya sa cutar takan sake ɓullowa a wani gefe bayan an yi aiki, kuma shi ya sa ake son wanda aka yi wa magani ya ci gaba da zuwa asibiti, ya kuma rabu da taba har abada.

Amfanin Wannan Sani

Mai karatu zai iya cewa, to, tunda an san almakashin, me zai hana a karya shi? An gwada. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 an gwada magungunan hana MMP aiki a kan masu sankara iri-iri, amma ba su yi nasara ba. Sun jawo ciwon gaɓoɓi da na tsoka, domin jiki ma yana bukatar waɗannan almakasai, kuma an ba da su ne bayan cutar ta riga ta yaɗu. Wannan ita ce wahalar yaƙi da ɗan gari: duk abin da ka harba masa, yana iya samun naka.

Duk da haka an sami ci gaba. A 2006 Amurka ta amince da maganin cetuximab, mai toshe EGFR, domin sankarar kai da wuya. A 2016 aka amince da nivolumab da pembrolizumab, waɗanda ke kwance wa sojojin garkuwar jiki dabaibayin da sankara ta sa musu. Sai dai waɗannan magunguna suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowane majiyyaci suke yi wa aiki ba. Har yau tiyata ce babban magani, tare da gashi da magungunan kashe ƙwayoyin sankara idan da bukata.

Inda sanin ya fi tasiri shi ne wajen yanke shawarar likita. Tun daga 2018, tsarin auna matakin sankarar baki da ake bi a duniya yana la'akari da zurfin da ta kutsa ƙarƙashin tantanin iyaka: milimita 5 ko ƙasa da haka, daga nan zuwa 10, sai kuma abin da ya haura 10. Ƙaramin gyambo mai zurfi yana iya fin mai faɗi marar zurfi haɗari. Haka kuma, a cikin majiyyatan da ake taɓa wuyansu ba a ji komai ba, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 cutar ta riga ta isa kaluluwa a ɓoye. A 2015 likitocin asibitin Tata da ke Mumbai suka wallafa sakamakon gwaji a kan majiyyata 500. Waɗanda aka cire wa kaluluwar wuya tun a aikin farko, kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. Waɗanda aka jira sai cutar ta bayyana a wuya kuwa, kashi 67.5 ne.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa yaɗuwar sankarar baki tafiya ce mai zango-zango. Masu gadi irin su TP53 da CDKN2A suna faɗuwa, SNAIL da 'yan uwansa suna kwance ɗauri, MMP suna huda iyaka, masaƙa suna buɗe turba, VEGFC da CCR7 kuma suna kai baƙuwar masauki. Kusan dukkansu kayan aikin jiki ne na halas da aka karkatar. Wannan tafiya tana ɗaukar lokaci, kuma a nan ne damarmu take. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka gano sankarar baki da maƙogwaro tana wuri ɗaya, fiye da kashi 80 cikin 100 na majiyyata suna kai shekara biyar a raye. Idan ta kai sassa masu nisa, adadin bai kai kashi 40 ba.

Baki kuwa ba kamar hanta ko huhu ba ne, ana iya buɗe shi a duba. A jihar Kerala ta Indiya an horar da ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna duba bakin mutane da ido da fitila kawai. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna mutuwa daga wannan cuta ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu shan taba ko barasa. Saboda haka duk wanda ya ga gyambo a baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko fari ko jan tabo da ba ya gogewa, ko ƙullutu a wuya, ko haƙori ya fara girgiɗi ba dalili, ko harshe ya yi nauyi wajen magana, to ya je wurin likitan haƙori ko babban asibiti. A farkonta sau da yawa ba ta da zafi, don haka kada a jira zafi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, 'yan uwana ɗaliban harshe, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Da yawa daga cikinmu za mu zama malamai ko masu fassara ko ma'aikatan rediyo. Dattijon da ke cusa garin taba a kunci ba zai karanta mujallar likitoci ba, amma zai saurari wanda ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su tantanin iyaka da masaƙa, shawara ce kawai. Wanda ya ga waɗanda suka fi su dacewa, sai ya kawo mu tattauna a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.